Likita, sun ce ciwon kishi ne kawai

Assalamu alaikum Likita. Daga Pantami a Gombe nake rubuto maka, don Allah a sakaya sunana. Jiya da daddare maigidana ya ce mini a gaban amaryarsa wai kishi ne kawai ke cina, ai ko asibiti sun ce lafiyata ƙalau. Har yanzu jikina rawa yake.

Na karanta rubutunka inda ka ce in damuwa ta yi wa mutum yawa, jiki na sakin sinadaran adiranalin da kotizol, zuciya ta riƙa bugu da sauri, wuya da kafaɗa su ɗaure, ciki ya rikice, kuma ciwon na gaske ne ba langaɓewa ba. Wallahi kamar ni ka gani. Bayan la'asar yake taso mini: ƙirji ya yi nauyi, numfashi ya ƙi sauka, tafin hannu ya jiƙe da gumi, sai in ajiye muciya in zauna a dokin ƙofa. An auna jinina, an liƙa mini wayoyin nan a ƙirji an duba zuciya, an gwada ƙwayar cutar olsa, babu komai. Da kuɗin ɗinkina na biya, shi ko sisi bai bayar ba, amma lefe akwati-akwati ya kai. Ni ban hana shi aure ba, Allah ya halatta masa, ni ce ma na dafa wa 'yan kawo amarya abinci. Hajiyarsa kuwa ta dage iska ce, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Alhali tun rasuwar Babanmu abin ya fara, ba a ma soma maganar auren ba, wannan ne ba mai son ji.

Likitar da ta duba ni ta ba ni takarda zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, na ɓoye ta a ƙasan akwati. In ya gani, gari zai ɗauka uwargida ta zautu, kuma na san halinsa, zai fake da wannan ya karɓe mini yara. In na je, maganin barci za su ɗora ni a kai har abada? Ko in tafi gidanmu Kumo in huta tukuna? Yayata ta ce in na fita na bar wa yarinyar nan gida. Kuma ta yaya zan nemi izinin zuwa asibiti a wurin mutumin da bai yarda ina ciwo ba?

Wassalam.