Atletico ta yi hattara kafin ta sallami Simeone

Malam Edita,

Masu kiran a kori koci Diego Simeone daga Atletico Madrid su dakata tukuna. Tun Disamban 2011 yake riƙe da ƙungiyar, ya ci La Liga, babbar gasar Sifaniya, a 2014 da 2021. Gaskiya ne salonsa na tsare gida ya fara gundurar mutane, kuma sau biyu kofin zakarun Turai yana kuɓuce masa a wasan ƙarshe.

Amma korarsa kafin kwantiraginsa ya cika na nufin biyan ragowar albashinsa, ga 'yan wasan da aka sayo don salonsa. In canjin ya zama dole, a yi shi a Yuni, kafin atisayen share fage, kuma magajinsa ya riƙe wasu tsofaffin mataimaka. David Moyes, da ya gaji koci Alex Ferguson a Manchester United a 2013, ya sauya mataimakan Ferguson, bai ko ƙarasa kakar ba.

Naka,
Mai karatu daga Kano