Sanarwa kan gwajin jinin murar tsuntsaye

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kaji na Damagaram, fatan an tashi lafiya.

Ranar Asabar ƙarfe 9 na safe ma'aikatan lafiya za su zo rumfarmu a kasuwar Dole su ɗibi jinin duk mai mu'amala da kaji, zabi ko agwagi, har yaranmu masu yanka da figa, su ne ma kan gaba tunda hannunsu kullum cikin jini da gashin kaji yake. Abin da suke nema a jinin shi ne alamar da garkuwar jiki ke bari in ta taɓa karo da H5N1, wato ƙwayar cutar murar tsuntsaye, don mutum na iya kamuwa ya warke bai ma sani ba. Jinin ɗan kaɗan ne, ko dala ba a biya, ba a kuma tilasta kowa.

Dattawan cikinmu ba su manta 2006 ba da cutar ta ɓulla Magarya, shi ya sa nake roƙo don Allah kar mu yi wasa.

Kowa ya zo da lambar wayarsa don sakamako. Wanda kajinsa suka mutu kwanan nan, ko ya yi zazzaɓi, tari ko jan ido, ya faɗa musu kar ya ɓoye.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu. Na gode.