Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Tafkin Chadi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in roƙi hukumarka ta fito da cikakken bayani kan amfanin da ayyukan haɗin gwiwarta suka yi wa mazauna bakin tafki. Tun 1964 da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa wannan hukuma ake ƙaddamar da shirye-shirye da kuɗin ƙasashe da na masu ba da tallafi, amma tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a wancan lokaci ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, jama'a kuma ba su san wane aiki ne ya yi tasiri ba, wane ne ya tsaya a takarda.

Ga misalin janyo ruwa daga yankin kogin Kwango. An yi nazarin ɗebo ruwan Ubangi, wani reshen kogin Kwango, zuwa tafkin, an kuma yi babban taro a Abuja a watan Fabrairun 2018 inda aka goyi bayan shirin Transaqua na haƙa hanyar da za ta kawo ruwan yankin Kwango zuwa tafkin, amma har yau ba a fara haƙa ba. Idan tsadar aikin ko ƙin amincewar Kwango ne ya tsayar da shi, ya kamata a faɗa wa mutane gaskiya. Haka Yarjejeniyar Ruwa ta 2012 da ƙasashen hukumar suka amince da ita kan amfani da ruwan yankin: shin ta sauya yadda ake sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa zuwa kogin Komadugu-Yobe da ke zuba cikin tafkin? Manomin da kacalla ta toshe wa hanyar ruwa a fadamun Hadeja da Nguru shi ne zai ba da amsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ganina, yawan tarurruka da bitoci da aka shirya ba shi ne ma'auni ba. A duba ko kifin da ke isa kasuwar Baga ya ƙaru, ko makiyayan Bosso da N'guigmi na samun mashaya ba tare da rikici ba, ko na'urorin auna ruwan kogunan Chari da Logone, inda kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin ke fitowa, suna aiki bayan masu tallafi sun tattara nasu ya nasu. Na san matsalar Boko Haram ta hana shiga wurare da dama, sai dai akwai inda ake iya zuwa.

Saboda haka ina roƙon a ɗora wa masu bincike masu zaman kansu, ciki har da malaman jami'o'in Maiduguri da Diffa, alhakin tantance kowane shiri da aka kammala, sannan a karanta sakamakon a gidajen rediyo da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa kafin a sa hannu kan wani sabo.

Allah ya taimake ka.

Naka,
Wani ɗan yankin Tafkin Chadi