Kafin a zargi dekoda, a duba ƙura da waya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan wani aikin hannu da nake ƙauna: haɗa ƙaramin layin dogo a kan allon katako, da jirgi mai tafiya da kuran, da tasha da gidaje masu fitilu. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne. Nawa layin na ma'aunin HO ne, wato an rage girman komai sau 87, tazarar ƙarafan dogon kuma milimita 16.5. Tun da aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maradi a Fabrairun 2021, mai kilomita 284 ta Katsina da Jibiya, yaran unguwa ba sa rabuwa da zaurena, don yawancinsu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba. Wasu samari har sun fara haɗa nasu.

Abin da ke damuna shi ne, da jirgi ya cije ko fitilarsa ta fara ƙyafƙyaf, sai yaro ya ce dekoda, wato 'yar na'urar da ke cikin kan jirgi tana karɓar umarni, ta ƙone, ya shiga neman kuɗin aikawa a sayo wata. Galibi lafiyarta lau.

A tsarin DCC na sarrafa irin waɗannan ƙananan jirage, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya faro, ƙungiyar NMRA ta Amurka kuma ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990, ƙarafan dogon nan biyu su ke kai wuta, su ke kai umarni. Wuta mai kusan bolt 14 zuwa 16 tana kan layi kullum, tana juyawa sau dubbai a daƙiƙa guda, tsawon kowace juyawa kuma shi ne saƙon. In taya ta rabu da ƙarfe ko da na ƙiftawar ido ne, dekoda ta rasa wuta, jirgi ya yi tuntuɓe, fitila ta ɗauke. To, mu da muke Maradi, wa zai gaya mana ƙura? Da hunturu, ko an rufe taga, ka jiƙa farin tsumma da alkol na famasi ka goga kan layi, sai ka ga zane biyu baƙi ƙirin sun fito a jikinsa. Haka za ka goge tayoyin kan jirgin da ƙananan tagullan da ke shafar su ta ciki. Kada a sa takardar yashi: tana karce ƙarfe, datti ya samu wurin zama. In an gama wasa a lulluɓe allon da zane.

In jirgi yana rage gudu a wuri guda kullum, nesa da akwatin sarrafawa, matsalar waya ce. Ka ɗora ƙwandalar dala ashirin ta haɗa ƙarafan biyu a wurin. Akwatin ya kamata ya yanke wuta nan take. In ya yi shiru, wuta ba ta isa can da ƙarfinta ba, kuma ranar da wayoyi suka haɗu da gaske wani abu zai narke. 'Yan maƙalan da ke haɗa gaɓa da gaɓa ba abin dogaro ba ne, balle a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, lokacin da ƙarfe ke miƙewa da rana ya koma da dare. Maganinsa waya mai kauri biyu a ƙarƙashin allo, a riƙa ɗauko siraran wayoyi daga gare su ana like su da dalma a jikin layi, kamar kowace mita guda.

Fitila kuwa launin waya ne jagora: shuɗiya ita ce ta tarayya, fara ta fitilar gaba, rawaya ta baya. Ƙwan LED ba ya jure wutar dekoda kai tsaye, sai an sa masa rezistans, wato abin rage ƙarfin wuta, mai om 1000, kuma in aka juya ƙafafunsa ba zai kama ba. Fitilun tasha da na gidaje a ba su tasu taransifoma mai bolt 12, kada su ci rabon jirgi. In kan jirgi ya daina amsa kira gaba ɗaya, a gwada kiransa da lamba 3, wadda yake zuwa da ita daga masana'anta. Dekoda da yawa suna komawa yadda aka ƙera su in an rubuta 8 a gurbin saiti mai suna CV8.

Yaron da ya iya bin waya daki-daki har ya gano inda wuta ta tsaya, gobe shi za a kira gyaran sola da injin ban ruwa. Shi ya sa nake roƙon malaman lise teknik ta Dan Kassawa da na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su sa ɗalibai su haɗa irin wannan allo. Ba sai an sayi akwati mai tsada ba: da ɗan allon kwamfuta na Arduino Mega da manhajar DCC-EX, wadda kyauta ce, ana iya haɗa shi a nan gida. Ku ma, Malam Edita, ku ware mana ɗan shafi ko sau ɗaya a wata, masu gyara su riƙa kawo tambaya ana ba su amsa da Hausa.

Wassalam.

Mai gyaran rediyo da talabijin,
Unguwar Zariya, Maradi