Amaren da ke zaman jiran biza, a daina ɗora musu laifi

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato zaman jiran da ɗiyanmu mata ke yi bayan an ɗaura musu aure da mazan da ke zaune ƙasashen waje, musamman Amurka. Ƙanwata ce abin ya shafa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni ne waliyyinta tunda mahaifinmu ya rasu, don haka ba labari anka ba ni ba.

Bayan ƙaramar sallar 2023 munka ɗaura aurenta da wani ɗan unguwarmu da ke aiki a Teksas kuma ya samu takardar zama ɗan ƙasa, yaro ne da munka san asalinshi munka san gidansu. Ya yi wata ɗaya ya koma, mu kuma a tunaninmu kafin babbar salla ta bi shi, har Inna ta fara ɗaure mata daddawa da kuka da yaji a leda. To Edita yau shekara biyu ke nan da 'yan watanni tana ɗakin Inna.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne hanyar hawa-hawa ce, ba a tsallake ko ɗaya. Da farko mijin zai cika fom ɗin da ake kira I-130 ya tura ma hukumar shige da ficen Amurka, lokacin da ya cika nashi dala 535 ne kuɗin, daga Afrilun 2024 ya koma dala 675 in a takarda ne. Wanga mataki kaɗai wata 14 ya ci mana. In sun amince sai fayil ɗin ya wuce cibiyar biza ta ƙasarsu, can za a biya wasu kuɗin, amarya ta cika fom ɗin neman biza DS-260, a tura takardar aure da ta haihuwa da ta 'yan sanda, shi kuma ya kawo shaidar haraji da albashi cewa zai iya riƙonta. Sannan a shiga layin ganawa, kuma ganawar irin wagga biza a Legas ake yin ta ba Abuja ba, ga kuma gwajin likita, mutum ya taso tun daga Sakkwato ya bi ta Yawuri da Kontagora da Jebba ko kuma ya nemo kuɗin jirgi da na masauki. Mu nan muke yanzu, takardu sun cika, rana muke jira.

Kuma gaskiya wani jinkirin daga gare mu ne. Auren a masallaci anka ɗaura shi da goro da dabino kamar kowa, ba wanda ya yi tunanin takarda sai da anka nema. Sunan mahaifinmu ma a NIN ɗinta Muhammad ne a fasfo kuma Mohammed, gyaran wanga kaɗai ya kwashe kusan wata uku ina ta sintiri. Akwai kuma wani eja da ya ce yana da hanya, zai sa a jawo mana rana kusa, na ɗauki kuɗi na ba shi saboda tausayin yarinya, har yau ba rana ba kuɗi, Allah ya isa. Ba wani mai hanya wallahi, layi ne.

Amma duk wannan bai kai min ciwon bakin mutane ba. Ta je biki a ce ga amaryar waya ta iso, ta je gidan suna a riƙa tambayarta wai har yanzu ba ki tafi ba, wasu su ce ai yana da baturiya can ya ɓoye, wasu su ce ya yaudare mu ne, har wata gwaggonmu ta zo ta same ni wai in kira shi ya sawwaƙe mata tunda ga masu so nan gida. Mi yarinya ta yi? Mijin nan bai taɓa fashin aiko kuɗin cefane ba, sau biyu yana zuwa duk da tsadar tikiti, kullum da ya tashi aiki sai ya kira ta ga WhatsApp, lokacin nan dare ya raba don sun bi mu da awa 6 ko 7, ina jin muryarta ƙasa-ƙasa daga ɗaki wani lokaci tana dariya wani lokaci kuka. Yarinyar da ke da fara'a yanzu ko ƙofar gida ba ta son leƙawa.

Masu zuwa Ingila ma da nasu, tun Afrilun 2024 sai miji na samun fam 29,000 a shekara kafin ya ɗauko matarshi, da can fam 18,600 ne, ga jarrabawar Turanci ga gwajin tarin fuka. Amurka kuma mata ɗaya dokarsu ta sani, wanda duk zai ba da ɗiyarshi a matsayin mata ta biyu ya san da haka tun kafin a karɓi sadaki. Kuma dokar kan juya, a 2020 Amurka ta taɓa dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya sai Janairun 2021 anka ɗage.

Ni ban ce kar a ba na waje aure ba, da za a maimaita shi ɗin dai zan ba. Amma da na sani da tun ranar baiko mun zauna da iyayenshi mun yanke inda za ta zauna, ko a kama mata gida ta tare kamar kowace amarya, ta ci gaba da karatunta a jami'ar Ɗanfodiyo maimakon ajiye shi da ta yi wai tafiya ta kusa. Shekara biyun da ta ɓata a banza ita ta fi tsaya min a rai.

Edita ina roƙon ku turo wakilinku ya zagaya Mabera da Arkilla da Runjin Sambo ya ji ta bakin irin waɗanga amare, malamanmu kuma su taɓo zancen ga wa'azi ko masu baki su sassauta mata.

Naku,
Wani mai karatu daga Mabera, Sakkwato