Amsa ga Malamin da ya tambayi amfanin aikinmu

Assalamu alaikum Malam,

Tunda a bainar jama'a ka yi tambayarka, a bainar jama'a zan amsa. Ka ce don me nake cika wa ɗalibai kunne da labarin Tony Hunter, Baturen da ya ƙarar da shekarunsa kan ƙwayoyin cutar ɓeraye da kaji, alhali mutanenmu na kwance a asibiti. Ka ce bautar Turawa nake yi. Ka ƙara da cewa ko maganin ciwon kai ban taɓa haɗawa ba, ɓata wa 'ya'yan talakawa lokaci kawai nake yi. Wannan ta ƙarshe ce ta sosa min rai ƙwarai.

Ga abin da Hunter ya yi. A 1979, a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya a Amurka, yana binciken yadda wata ƙwayar cuta ke haddasa ƙari a jikin ɓera. Ruwan sinadarin da ya yi gwaji da shi ya daɗe a ajiye har tsaminsa ya ɗan sauya. Da ya ɗaga faifan hoton gwajin, sai ga wani ɗigo baƙi inda ba a saba ganin komai ba. Wani zai ce datti ne ya wuce. Shi ya bi diddigi, ya gano cewa ƙwayoyin halittar jiki suna liƙa sinadarin fosfet a kan tairosin, wani ɗan yanki na furotin, kuma wannan liƙawar kamar makunnin lantarki ce: a kunna, ƙwayar halitta ta girma ta rabu biyu, a kashe, ta tsaya. A 1980 shi da Bart Sefton suka nuna haka abin yake a ƙwayar cutar da ke sa wa kaji ƙari, wadda kake yi wa ba'a.

A wani nau'in sankarar jini, makunnin ne ke maƙalewa a kunne, fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Maganin imatinib, da aka amince da shi a 2001, wannan makunnin yake toshewa. Ƙwaya ce ta haɗiya, kuma masu cutar da a da ba sa wuce 'yan shekaru yanzu da yawansu suna raye, suna aurar da 'ya'yansu. Shekara 22 ke nan tsakanin ɗigon da maganin. Mai ciwon sukari ma, ƙofar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ke ƙwanƙwasawa a jikinsa da irin wannan makunnin take aiki. Likitan da bai san haka ba, sunayen magunguna kawai ya haddace.

Batun cewa ina bautar Turawa kuwa, ba zan tsaya a kai ba. Ilimi kayan mumini ne da ya ɓace.

Amma cewa ina ɓata lokacin yara, wannan ban yarda ba, Malam. Bi daga Samaru zuwa Shika, ka shiga Tudun Wada, ka tambayi likitoci da masu harhaɗa magani da masu gwajin jini da suka zauna a ajina. Su za su gaya maka ko na cuce su. Gidana ba ɓoyayye ba ne a wurinka. Da sani kake nema, da ka zo mun zauna. Tafin jama'a ka nema, ka kuma samu, amma da mutuncina ka saye shi, ga ɗalibaina suna ji.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne ka bar jaki kana dukan taiki. Na ga ɗalibata tsaye gaban firji da asuba, an kwana ba wuta, samfurin da ta yi wata da watanni tana tarawa ya narke, tana share hawaye da gefen hijabi. Da kuɗin aljihunmu muke sayen ƙanƙara da man janareto. Sinadari ɗaya sai mu yi odarsa daga waje, kafin ya iso canjin dala ya cinye abin da aka ware. Kana shiga wurin masu raba kasafin kuɗi, suna kuma sauraronka. Ka kai musu wannan tambayar da irin muryar da ka ɗaga a kaina, ka tambaye su nawa suka ware wa bincike bana.

Wassalam,
Ɗan'uwanka, malamin kimiyyar sinadaran jiki, Zariya.