Wasiƙa zuwa ga ɗana kan gonar mahaifiyarku

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Labari ya iso mini cewa kana neman mai sayen gonar da marigayiya mahaifiyarku ta bari, har da kason ƙanwarka, wai za ka ƙara jari. Ɗana, da shagunan da kake da su yanzu?

Girkawan dā suna da wata tatsuniya. Masu bautar gumaka ne, amma kwaɗayi kam sun san shi sarai. Wai an yi wani sarki a ƙasar Tasaliya mai suna Erisikton. Ya so gina zauren liyafa, sai ya ɗora ido kan kurmin da aka keɓe wa Dimita, wadda suka ɗauka uwar amfanin gona. Bayinsa suka ƙi taɓa babbar bishiyar kurmin. Ya fizge gatari, ya fille kan wanda ya yi masa magana, ya hau sara jini na zuba daga itacen.

Dimita ba ta kashe shi ba, yunwa ta aika masa, ta shige cikinsa yana barci. Ya farka, abin da zai ciyar da gari guda bai kai masa ko'ina ba. Ya cinye garkensa, ya sayar da duk abin da ya gada. Da ya rasa na sayarwa sai ya waiwayi 'yarsa Mestira.

Yarinyar nan Fosaidon, wanda suka ɗauka ubangijin teku, ya ba ta baiwar rikiɗa. In an saye ta sai ta zama goɗiya ko tsuntsuwa ko barewa, ta gudo gida. Uban ko kunya, sai ma ya ga ya samu hajar da ba ta ƙarewa, ya riƙa mayar da ita kasuwa, ita kuma tana dawowa don uba ne. Daga baya naman jikinsa ya koma ci.

Ƙanwarka ba za ta yi maka musu ba, na san halinta, kana kawo takarda za ta sa hannu. Wannan biyayyar tata ce ke hana ni barci. Kasonta Allah ne ya yanka mata. Rubu'in da ya faɗo mini na bar muku tuni. In jari kake so, a kira malamai su raba, ka sayar da naka.

Ka zo gida ranar Juma'a, kawunku ma zai zo. Kafin nan kada ka karɓi kuɗin kafin alƙalami a hannun kowa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka